Hannu a kan allo, ido a kan sikirin: yadda ake koyon zane da allon kwamfuta

Wanda ya sayi allon zane na kwamfuta, ya jona shi da laftof, ya ɗauki alƙalami ya ce bari ya ja da'ira ɗaya, abin da yakan fara gani wani abu ne mai kama da dankali, ko da kuwa tun yana firamare ake yabon zanensa a takarda. Daga nan wasu sukan mayar da allon cikin kwalinsa, wasu kuma su shiga tara kuɗin wanda ya fi shi tsada. Duka biyun ba su ne mafita ba. Matsaloli biyu ne suka haɗu wa ɗan koyo a lokaci guda, kuma kowace da maganinta. Ta farko ta allon ce: hannu yana aiki a ƙasa, ido yana kallon sama. Wannan saiti da atisaye na 'yan makonni suke kawar da ita. Ta biyu tsohuwa ce, ta girmi kwamfuta: iya kallon abu a gane yadda aka gina shi. Wannan babu allon da zai sayar maka da ita.

Allon da za a saya

Allo marar sikirin nake nufi a nan, irin wanda ake shimfiɗawa a kan tebur. Ƙanana suna da filin zane kusan inci 6 da inci 4, kamar ƙaramin Wacom Intuos ko Huion H640P. Matsakaita suna da inci 10 da inci 6.25, kamar Huion H610 Pro V2 da XP-Pen Deco 01 V2. Idan laftof ɗinka mai inci 13 zuwa 15 ce, ƙaramin ma zai yi aiki, amma idan aljihu zai ɗauka, matsakaicin na fi so wa ɗan koyo, domin yana ba hannu filin motsawa daga gwiwar hannu da kafaɗa. A ƙaramin allo ɗan motsin yatsa yana zama dogon layi a sikirin, rawar hannu kuma tana ninkuwa.

Kada lambobin da ke jikin kwali su ɗauke maka hankali. Za ka ga an rubuta matakan dannawa, wato yawan matakan ƙarfin danna alƙalami da allon ke ganewa, 2048, ko 4096, ko 8192. Hannun ɗan koyo ba ya rarrabe su. Abin da ya fi muhimmanci shi ne alƙalamin ya zama marar batir, wanda yake samun ƙarfinsa daga maganaɗisun allon kansa, don kada ka ƙara wa kanka wani abin caji.

Idan a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut da ke Kano za ka saya, musamman na hannu, tafi da laftof ɗinka a gwada a gabanka. Riƙe alƙalamin sama da allon kamar santimita ɗaya ba tare da ya taɓa ba, ka ga ko kibiyar da ke sikirin tana bin sa. Kai shi kusurwoyi huɗu. Ja layi daga sassauƙar dannawa zuwa mai ƙarfi, ka ga kaurinsa yana ƙaruwa a hankali ba tsalle ba. Sannan ɗora rula ka ja layi a karkace, sannu a hankali: idan ya fito kamar igiyar ruwa alhali rula ce ke riƙe da shi, laifin allon ne. Allon da ba shi da alƙalaminsa kuwa a bar shi, duk arharsa. Alƙalamin wani kamfani ba ya aiki a allon wani, har a kamfani ɗaya ma sau da yawa kowane samfuri da nasa.

Saiti kafin a ja layin farko

Nan ne yawancin mutane suke yin tuntuɓe ba su sani ba. Allon zai motsa kibiya da zarar an jona shi, sai mutum ya ɗauka an gama. Ba a gama ba. Sai an sauke manhajar da ke tuƙa shi, wato direba, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Idan akwai direban wani allo a kwamfutar, a cire shi tukuna, a kashe kwamfutar a kunna, sannan a saka sabon. Direbobi biyu a kwamfuta ɗaya suna rigima, alamar rigimar kuma ita ce layi ya riƙa fitowa da kauri ɗaya komai dannawarka.

A cikin direban akwai abubuwa uku da za a duba. Na farko, allon ya kasance a tsarin alƙalami, kada ya kasance a tsarin linzamin kwamfuta, wato maus. A tsarin alƙalami kowane wuri a allon yana da takwaransa a sikirin: kusurwar hagu ta sama ita ce kusurwar hagu ta sama, kullum. Da haka ne hannu yake haddace wurare, kamar yadda yake kai loma baki a cikin duhu.

Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne uban dankalin nan. Allo mai inci 10 da 6.25 rabon faɗinsa da tsayinsa 16 da 10 ne, yawancin laftof kuwa 16 da 9. Idan aka shimfiɗa ɗaya a kan ɗaya ba gyara, da'irar da ka ja daidai za ta fito a baje, faɗinta ya zarce tsayinta da kusan kashi 11 cikin ɗari. Hannunka bai yi kuskure ba, amma za ka yi ta ƙoƙarin gyara shi har ya koyi kuskure. A Wacom wurin gyaran ana kiransa Force Proportions, a sauran kuma akwai maɓallin daidaita rabon allo da na sikirin a shafin filin aiki. Za ka rasa ɗan siririn fili a gefen allon. Babu asara a ciki. Don ka tabbatar, ɗora murfin kwalba a kan allon ka zagaye shi da alƙalami, ka dubi abin da ya fito.

Na uku, nauyin dannawa. Idan sai ka danna da ƙarfi kafin layi ya yi kauri, wuyan hannu zai gaji, bakin alƙalamin ya cinye da wuri. Sassauta shi har layi mafi kauri ya riƙa fitowa da ƙarfin da kake rubutu da biro.

Manhajar zane kuwa, Krita kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma ta isa a koyi komai a cikinta. Idan dannawa ba ta aiki a cikinta a Windows, shiga Settings, Configure Krita, Tablet Settings, ka sauya tsakanin WinTab da Windows Ink, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Wanda ba shi da laftof zai iya jona yawancin allunan Huion da XP-Pen da wayar Android ta hanyar ɗan mahaɗin OTG, ya yi zane a ibisPaint ko Sketchbook. A wasu wayoyi sai an kunna OTG a saiti, kuma a waya wani sashe ne kawai na allon yake aiki.

Buɗe shafin A4 a 300 dpi, wato fiksel 2480 da 3508. Kowace leya, wato fallen da ake ɗorawa a kan wani kamar leda garai-garai, idan ta cika a wannan girman tana cin kusan megabait 35. Leya talatin sun haura gigabait ɗaya. Laftof mai RAM gigabait 4 za ta fara nishi tun kafin nan, don haka a atisaye rabin wannan girman ya wadatar. Zaɓi buroshi ɗaya, irin fensir ko na zagaye wanda kaurinsa ke bin dannawa, ka tsaya a kansa wata guda. Masu yawon sauke buroshi ɗari ba su cika samun lokacin zane ba.

Horar da hannu

Ajiye allon a miƙe daidai gaban sikirin, gefensa na sama yana layi ɗaya da gefen laftof. Idan ya karkace ko kaɗan, duk layin da ka ja a tsaye zai fito a jirkice. A takarda mun saba juya takardar don hannu ya ji daɗi. A nan allon ba ya juyawa, shafin ne yake juyawa: a Krita maɓallin 4 da na 6 suna karkata shi hagu da dama, 5 ya mayar da shi daidai.

Kwana biyu ko uku na farko, ajiye linzamin kwamfuta gaba ɗaya. Buɗe fayil da alƙalami, rufe da alƙalami, yi komai da shi. Abin zai ba ka haushi, amma shi ne hanya mafi sauri da hannu zai san taswirar allon. Kuma kada ka kalli hannunka. Idonka ya tsaya a sikirin, a wurin da layin zai je ma, ba a kan kibiyar ba.

Sai atisayen kullum, minti 20 kafin kowane zane. Ɗiga ɗigo biyu a nesa da juna. Kafin ka ja layi a tsakaninsu, yi ta wuce alƙalamin a iska sau uku ko huɗu daga wannan zuwa wancan, kibiya tana nuna maka hanyar, sannan ka sauke shi ka ja da bugu ɗaya. Idan ka kuskure ɗigon, bar shi, ka wuce na gaba. Layi hamsin a rana. Layin da ya fito yana rawa alama ce ta an ja shi a hankali ana tuƙa shi da ido. Layin da ya lanƙwashe kamar baka alama ce ta daga wuyan hannu aka ja shi, domin wuyan hannu a da'ira yake juyawa. Ɗaga gwiwar hannu daga tebur, ka bar kafaɗa ta yi aikin. Bayan layuka, cika shafi da da'irori da masu siffar ƙwai, kowace a zagaye ta sau biyu kafin a ɗaga alƙalami. Daga ƙarshe layukan dannawa: siriri ya koma kauri, kauri ya koma siriri, sannan siriri a baki biyu da kauri a tsakiya. Wanda ya yi rubutun allo da alƙalamin kara ya riga ya san wannan a hannunsa, ya san yadda harafi yake kumbura ya tsuke gwargwadon yadda aka kwantar da bakin alƙalami.

Abu biyu ne suke hana hannu faɗawa, kuma duka biyun sun yi kama da taimako. Ɗaya shi ne Ctrl da Z, mai soke abin da aka yi. Mutum zai ja layi ɗaya sau ashirin yana sokewa har sa'a ta ba shi mai kyau, ya ɗauka ya iya. A lokacin atisaye a haramta wa kai shi. Ɗayan shi ne mai gyara rawar layi, wanda a Krita yake cikin Tool Options da matakan Basic, Weighted da Stabilizer. Yana da amfani ƙwarai a layin ƙarshe na aikin da za a ba wani. A atisaye kuwa a bar shi a Basic ko a kashe shi, domin yana ɓoye maka cutar da kake son warkarwa. Yawanci wanda ya riƙe minti 20 ɗin nan kullum yakan ji hannunsa ya fara sakewa cikin mako biyu zuwa uku. Awa uku ranar Asabar kaɗai ba ta maye gurbinsu.

Koyon kallo

Yanzu ga babban aikin. Ɗan koyo yana zana abin da ya sani game da abu, ƙwararre yana zana abin da yake gani. Mun san bakin kofi da'ira ne, sai mu zana da'ira, alhali daga inda muke zaune siffar ƙwai ce a kwance. Maganin wannan shi ne a riƙa farfasa kowane abu zuwa siffofi huɗu: akwati, ƙwallo, ganga da mazurari. Tulu ƙwallo ne da gajeriyar ganga a wuya. Buta ƙwallo ce da aka ɗan danne, da mazurari a baki. Hula gajeriyar ganga ce. Adaidaita sahu akwati ne da aka fere gabansa, da ƙafa uku waɗanda kowace siririyar ganga ce. Ka ɗauko buta ta gaske ka ajiye a gabanka, ka zana siffofin da launi mai haske a leya ɗaya, har da gefen da ba ka gani, kamar butar ta gilashi ce. Rage ƙarfin fitowar leyar, wato Opacity, zuwa kashi 30, buɗe wata a sama, ka ja layin gaske.

Da'ira a kwance tana da doka. Duk yadda ta kusanci tsayin idonka, haka take ƙara tsukewa, idan ta zo daidai ido ta koma layi ɗaya. Duk yadda ta yi ƙasa da ido, haka take buɗewa. Shi ya sa gindin kofin da ke kan tebur ya fi bakinsa lanƙwasa, kuma shi ya sa kofin da aka zana da miƙaƙƙen gindi yake zama kamar an yanko shi daga kwali. Babu wurin da ya fi marinar Ƙofar Mata nuna wannan doka a Kano. Ramukan rini a jere suke a ƙasa, duk da'irori ne. Wanda ke gaban ƙafarka a buɗe yake, na gaba ya ɗan tsuke, na can nesa ya kusa zama tsaga. Wanda ya zauna ya zana jerin nan sau biyar ya fahimci abin da dogon bayani ba zai fahimtar da shi ba. A nemi izinin masu wurin kafin a zauna ko a ɗauki hoto.

Gine-gine ma haka. Fara da jan layi ɗaya a kwance wanda yake tsayin idonka. Duk layukan da suke tafiya nesa da kai, na saman ido suna gangarowa zuwa gare shi, na ƙasa suna haurawa, su haɗu a ɗigo ɗaya. Tsaya a bakin lungu ka dubi saman katangu da gindinsu, za ka gani. Sai dai ginin ƙasa irin na Gidan Makama yana da halinsa: bangon ya fi kauri a gindi, yana tsukewa yana hawa, kusurwoyinsa ba su da kaifi, zankwayen sama kuma ba tagwaye ba ne. Gina akwatin da ka'ida tukuna, sannan ka tausasa shi da hannu. Idan aka ja shi da rula, sai ya koma ginin bulo da aka shafa wa jar ƙasa.

Wasu ba sa zana mai rai saboda fahimtarsu ta addini, kuma hanyar koyo a buɗe take gare su ba ragi: ƙofofin gari, kayan gida, aikin babbar riga irin aska tara, zayyanar allo, dagi. Dagi ma makaranta ce mai zaman kanta, domin sai ka bi zaren ka san inda ya hau da inda ya shige ƙasa. Krita tana da abin da ke maimaita layi a ɓangarori da yawa lokaci guda, a maɓallin Q, amma ka fara zana shi da hannu sau da yawa kafin ka nemi wannan sauƙin.

Ga masu zana mutane, kuskuren da ya fi yawa a wajenmu yana da dalili na gida. Idanu suna tsakiyar kai ne, rabin tazarar da ke tsakanin haɓa da ƙoƙon kai. Amma da yake mun saba ganin kai a cikin hula ko ɗankwali ko hijabi, sai ɗan koyo ya zana fuska kawai, ya ɗora hula a kan gira, babu wurin ƙwaƙwalwa. Zana kan gaba ɗaya ba komai a kansa, sannan ka sa masa hula. Haka jiki: tsayin babban mutum kusan kai bakwai zuwa bakwai da rabi ne, kuma sai an zana shi a ƙarƙashi kafin a yafa masa babbar riga. Rigar daga kafaɗu take ratayowa, duk ninkinta daga wuraren da ta tokare yake fitowa: kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa idan an zauna. Nemo waɗannan wuraren, ka ja manyan ninki uku ko huɗu, ka bar ƙananan.

Kowane minti goma, danna M. Shafin zai juye kamar a madubi, nan take ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya hawa, ko tulun ya jingina gefe. Ido yana sabawa da kuskuren da ya daɗe yana kallo, juyawar ce take farkar da shi. Sannan ka rage zuƙo zane. Wanda ya zuƙo ido ɗaya ya cika sikirin zai ƙawata shi, ya dawo ya tarar bai dace da fuskar ba.

Inuwa a fara ta da mataki uku kacal: haske, tsaka-tsaki, duhu, da launin toka. Launuka su jira. Ranar tsaka a Kano tana zubo haske daga sama, inuwa ta taru a ƙarƙashin abu ta yi baƙi ƙirin, siffa ta ɓace. Hantsi da la'asar sun fi, lokacin da hasken ke zuwa ta gefe. A ɗaki, tocilan ɗaya a gefen buta ya isa.

Zafi, ƙura da wuta

A watannin zafi gumi yana sa gefen hannu ya riƙa mannewa a allo, layi ya riƙa tsinkewa. Safar hannu mai rufe ƙaramin yatsa da na kusa da shi ita ce magani, kuma tsohuwar safar auduga da aka yanke wa yatsu uku tana yin aikin. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin alƙalami tana karce fuskar allon. Goge shi da ƙyalle mai laushi kafin ka fara, ka rufe shi in ka gama. Idan santsin allon ya dame ka, manna farar takarda a kai, alƙalamin yana ji ta cikinta, sai dai bakinsa zai fi saurin cinyewa. Da ka ga bakin ya feru gefe ɗaya ya yi kaifi, canza shi. Sababbin suna cikin mazaunin alƙalamin, a Intuos kuma a cikin gindin alƙalamin kansa. Kada alƙalamin ya faɗi a siminti, domin akwai wani siririn sanda mai saurin tsagewa a cikinsa, in ya tsage sai ya daina jin dannawa ko ya riƙa zane tun bai taɓa allo ba. Kada kuma a soke shi a kofi da bakinsa a ƙasa.

Allon daga laftof yake shan wuta, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aiki muddin batir na da rai. Duk da haka saita Krita ta riƙa adana aiki da kanta kowane minti 5, a sashen File Handling, ka kuma saba da Ctrl da S. Idan kibiya ta fara karkarwa da kanta, musamman a wutar janareta, zare cajar laftof ka gwada. In ta natsu, cajar ce ko wutar, allon lafiyarsa ƙalau. Nisanta shi kuma daga sifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Allon ba zai bi ka kasuwar Kurmi ba, don haka sa ƙaramin littafi da biro a aljihu. Zana abin da ka tarar cikin minti biyu: tarin ƙorai, faifan da aka jingina a bango, adaidaitar da ke jiran fasinja. Da dare ɗauki hoton shafin da waya, ka saka shi a Krita a matsayin leyar ƙasa, ka sake gina shi da akwati da ganga, ka ga inda idonka ya yaudare ka da rana. Kowane fayil a sa masa kwanan wata a sunansa, a ajiye na asali mai leyoyi daban da hoton PNG da za a tura wa mutane. Butar da ka zana a makon farko kuwa kada ka goge ta. Ranar da wata ya cika, ajiye butar a wuri ɗaya, da tocilan a gefe ɗaya, ka sake zana ta a sabuwar leya kusa da ta farkon.